Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Shekaruna tamanin da shida a bana, bisa ƙidayar da mahaifina ya bar mini, abin da zan ba ku labarinsa kuwa ya auku shekara arba'in da takwas da suka shige, sa'ad da muke zaune a Kawo, a gidan nan mai mangwaro a tsakar gida wanda aka rushe aka jera shaguna a gurbinsa. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, har ta iso kunnena ta bakin jikoki, wai mahaifinku da likita ne suka ƙulla shawara a kaina ina kwance cikin barcin allura, suka cire abin da suka ga dama, na farka na tarar an gama. Wannan zance ba shi da tushe, kuma ƙasƙanci ne gare ni da shi baki ɗaya. Ba a taɓa zartar da hukunci a kan jikina ina barci ba. Idona biyu, hankalina a jikina, da bakina na faɗa. Ga yadda aka yi.

Tun bayan da na yaye autarku jinin al'adata ya rikice. Ya zo da yawa, ya ƙi ɗaukewa, har na kasa rarrabe ranar da salla ta hau kaina da ranar da ta sauka, ni da na tashi a gidan da ake karantar da waɗannan hukunce-hukunce safe da yamma. Daga baya marata ta soma tasowa, da tauri, zanen da nake ɗaurawa ya daina kaiwa inda ya saba. Matan unguwa suka duba suka ce ai wannan a fili yake, ciki ne ya kwanta, jinin da ke zuba shi ya hana shi tashi. Ku na yanzu kuna iya murmushi, amma a zamaninmu babu mai musun cewa ciki yakan kwanta shekara biyu ko fiye, kana ya tashi a haifi ɗa lafiyayye. Ni kaina ban yi musu ba, domin da wannan labari aka rene ni. Mahaifiyata ta rasu a Rigachikun ina da shekara tara, kuma abin da kowa ya sani a gidanmu shi ne ta rasu da ciki, cikin da ya kwanta mata wajen shekara biyu, ta tafi da abinta, mutuwar shahada. Saboda haka da aka ce nawa ma ya kwanta, ban tsaya neman wani bayani ba. Na ɗauka gadon uwata ne ya iske ni, na soma duban 'ya'yana shida da idon mai shirin tafiya.

A lokacin ina koyar da matan aure karatu da rubutu a wani gida a Hayin Banki. Wata rana da hantsi ina tsaye a gaban allo sai na ga haruffan suna nisa da ni, ban sake sanin kome ba sai da na ji ana yayyafa mini ruwa ana salati. A ranar mahaifinku ya baro ofis, bai tambayi ra'ayin kowa ba, ya sa ni a mota ya kai ni asibiti.

Likitan mata na wurin Ba'indiye ne, dattijo mai sanyin murya. Ina jin Turanci gwargwadon hali, amma nasa yana gudu kamar ana korar sa, don haka wata ma'aikaciyar jinya, Sista Saratu, mutuniyar kudancin Zariya, ta tsaya a tsakaninmu. Mace ce doguwa mai kaifin baki, ba ta iya rufe magana da zane ba. Bayan an gama dube-dube an kira mahaifinku ya zauna, sai ta ce:

"Malama, likita ya ce babu ɗa a cikin nan, ko kwantacce ko tsayayye. Tsiro ne ya cika mahaifa, ba mugun iri ba, amma shi ke shanye miki jini. Dubi tafin hannunki, kamar kin wuni kina tuƙa alli. Sai an cire mahaifar gaba ɗaya."

Na dubi mahaifinku. Ya ce, "Rai muke nema, Uwani. Allah Ya ba mu shida, ba mu da abin cewa sai godiya."

Wannan bai yi mini wuya kamar yadda za ku zata ba. Abin da ya biyo baya ne ya hana ni sakat. Likita ya dunƙule hannunsa ya ce ga mahaifa, ya nuna gefe da gefe ya ce a nan akwai gidajen ƙwai guda biyu, kowanne bai fi ɗan dabino girma ba. Ni dai abin da ya faɗo mini a rai shi ne curin ƙananan ƙwai da mukan tarar a cikin kaza idan an fige an buɗe. Ya ce aikinsu bai tsaya ga haihuwa ba, su ke riƙe da jikin mace, da ƙarfin ƙashinta, da sanyin jikinta, har lokacin da Allah Ya ƙaddara su huta da kansu. Idan an bar su, zan ci gaba da zama yadda nake, illa dai babu al'ada babu haihuwa. Idan an cire su, abin da ke zuwa wa mace sannu a hankali bayan ta kusa hamsin zai sauko mini a rana ɗaya, ina da talatin da takwas. Akwai ƙwayar magani da ke rage abin, amma ba kullum ake samun ta ba. Sai dai kuma, in ji shi, wani lokaci ciwon daji yakan kama waɗannan gidaje, ya yi ta girma shiru, ba a farga sai ya gama ɓarna. Ya ce mai shekaruna yawanci bar mata yake yi, kuma ya ga alamar haka zai yi. Har mun fara sakin numfashi, sai ya tambaya, kamar mai cika al'ada, ko mahaifiyata tana da rai.

Na ce ta rasu. Ya ce mene ne sanadi. Na ba shi amsar da na sani tun ina yarinya, da ɗan alfahari ma, cewa ta rasu da cikin da ya kwanta mata shekara biyu. Sista Saratu ta dube ni, ta juya masa. Na ga ya ajiye alƙalaminsa. Ya yi magana a hankali wannan karon, har na ji da kaina kafin a fassara. Ya ce bai zo ya ƙaryata mutanena ba, amma a iyakar saninsa ɗa ba ya shekara biyu a ciki. Abin da ya kumbura cikin mace har ya kashe ta yana iya zama ciwon hanta, ko tarin fuka da ya sauka ciki, ko irin tsiron da ke jikina, ko kuma wancan da ya ambata. Idan wancan ne, ya ga iyalan da abin ya bi uwa ya bi 'ya, kuma da zai fi son ya cire tun ciki yana buɗe. Ya ce in nemo wanda ya ga jikinta da idonsa.

Mutum ɗaya ce a duniya ta ga jikin mahaifiyata a ƙarshenta. Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifina, ita ta yi jinyarta a ɗaki rufe, kuma ita ce mai wankan gawar mata a Rigachikun da ƙauyukan da ke kewaye.

Ranar Asabar muka kama hanyar Zariya zuwa Rigachikun. Mahaifinku ya tsaya a zaure wurin surukinsa, suna gaisuwar da ba ta ƙarewa, ko da wasa ba zai iya furta kalmar mahaifa a gaban Baba ba. Ni na wuce ciki. Na sami Gwaggo a gindin rumbu tana kaɗi, mazari yana juyawa a tasa.

"A'a, matar ma'aikaci! Yau mota ta ɓata hanya ke nan? Ina mazajena, kin bar su a birni kada in ƙwace?" Jikokinta maza take nufi, watau mazan cikinku. Sai ta ɗaga ido sosai ta dube ni, mazarin ya tsaya. "Uwani, wa ya kwashe miki jini haka?"

Na zauna na kwashe kome na gaya mata. Ta saurara ba ta katse ni ba har na kai ga tambayar. Da na ce, "Gwaggo, me kika gani a jikinta?" sai fuskarta ta rufe, kamar an ja ƙyaure.

"Ban ga kome ba."

"Gwaggo, ke kika wanke ta."

"Shi ya sa ban ga kome ba. Ke 'yar malamai ce, sai na koya miki? Mai wanka ba ta da ido, ba ta da baki. Abin da ke bayan zane ya bi mai shi kushewa. Ki ce wa likitanki ya yi aikinsa da abin da Allah Ya sanar da shi, ya bar matattu su huta."

Na roƙe ta, na yi kuka, na ce raina ne a hannunta. Ta ɗauki abawarta ta ci gaba da kaɗi, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa.

Da na rasa yadda zan yi, sai na bi hanyar da matan gidanmu kan bi idan magana ta fi ƙarfin kunya. Na jira manyan ɗaliban Baba suka tashi, mahaifinku ya fita duba mota da gangan, na durƙusa a bayan asabarin zaure na ce ina da mas'ala, wata mata ce ta aiko ni. Na ce matar tana da ciwo, likita ya ce sanin abin da ya kashe uwarta zai iya tsirar da ita, mai wankan uwar kuwa ta ƙi magana domin amana. Mene ne hukunci? Baba ya saurara har na kai ƙarshe. Ya san muryar 'yarsa, ya kuma san uwar da ake nufi. Bai tona ni ba. Ya ce a kira masa Hanne.

"Hanne, abin da aka hana mai wanka shi ne tona aibin mamaci. Ciwo ba aibi ba ne. Ceton mai rai kuwa yana gaba da wannan duka. Na ba ki fatawa, ki faɗa wa matar nan abin da take nema, alhakin yana wuyana."

"Yaya, kai takarda ka karanta, ni mutane na wanke. Matan garin nan suna cikawa hankali kwance domin sun san bakina. Akwai mai tabo, akwai mai abin da ko mijinta bai sani ba. In na buɗe baki sau ɗaya saboda tawa, da wane ido zan shiga ɗakin ta wani? Wuyanka ba zai ɗaukar mini wannan ba."

Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "To, ni ki amsa mini guda ɗaya. Akwai ɗa, ko babu?"

"Kai ma ba zan gaya maka ba," in ji ta, ta juya ta shige.

Ta tsakanin karan asabari nake hangen mahaifina a kan buzunsa. Ya ce, ba tare da ya dubi inda nake ba, shekara kusan talatin ke nan duk addu'ar da zai yi wa mahaifiyata, mutum biyu yake yi wa. Ya ce yayarta ma da aka aurar a can wajen Igabi haka aka ce ta tafi, da kwantaccen ciki, kuma bai taɓa haɗa biyun a zuciyarsa ba sai yau. Ban taɓa ganin tsoro a jikin Baba ba kafin wannan rana. Da na gan shi, sai nawa ya ninka.

Muka komo Kawo hannu wofi. Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. In na ɗora tukunya sai in tsaya ina latsa gefen marata, dama da hagu, ina neman abin da yatsa ba ya iya kaiwa. In na ce a bar su, sai in ga autarku tana da shekara tara a bakin ƙofar ɗaki rufe, ana ce mata ta je ta yi wasa, kamar yadda aka ce mini. In na ce a cire, sai in tuna wata mata a layinmu da aka yi wa irin wannan aiki a wani gari, ta tafi da ƙuruciyarta ta komo tana fifita cikin sanyin asuba, tana faɗa da kowa, fatarta ta bushe, mata suna nuna ta da baki. Ni mace ce mai ji da kanta, ban ɓoye muku ba. Ina tafiya a miƙe, ana sanin shigowata taro. In zama abin nuni ina da talatin da takwas, a kan zato kawai, alhali wataƙila hanta ce ta kashe uwata, wannan ya gagare ni karɓa. Na kai maganar gaban mahaifinku bayan ya komo daga aiki ya ci abinci, na ce ya zaɓa mini, shi ne shugabana.

Ya ce, "Uwani, kin taɓa barina na zaɓa miki ko da launin zane?"

Na ce ba lokacin wasa ba ne, Alhaji.

Ya ce, "Ba wasa nake ba. In na ce a cire, duk ranar da jikinki ya dame ki ni na jawo. In na ce a bari, abin nan ya zo, ban san inda zan sa kaina ba. Duk wanda kika ɗauka ina bayanki, kuma ba za ki taɓa jin na ce da kin sani ba. Amma bakina ba zai furta ba."

Na yi fushi da shi a ranar. Daga baya na gane girmamawa ce.

Aka kwantar da ni a asibiti, abokan aikinsa suka zo suka ba da jini domin a ƙara mini kafin aiki. Likita yakan zagayo ya tambaya ko an sami labari, in ce babu, ya ce to zai bar su, sai in ya ga wani abu da idonsa. Har na soma sallamawa a kan haka, ba don zuciyata ta natsu ba. Ana gobe za a shiga da ni, da hantsi, sai na ji hayaniya a bakin ɗakinmu, muryar Sista Saratu tana cewa ba lokacin ziyara ba ne, wata murya kuma tana cewa ita ba ziyara ta zo ba. Gwaggo Hanne ce, da lulluɓinta na saƙi da ƙura har gwiwa. Matar da ba ta taɓa taka asibiti ba, ta hau motar itace ita kaɗai zuwa tashar Kawo, ta yi ta tambaya har ta iso.

"Ina Baturen?" in ji ta.

Sista ta ce, "Ba Bature ba ne, Iya, Ba'indiye ne."

"Duk ɗaya, ba a Rigachikun aka yanke masa cibi ba. Kira shi. Ke kuma, doguwar banza, za ki juya masa maganata yadda na faɗa, kada ki ƙara gishiri."

"Iya, ni gishirin ma ragewa nake yi, aikina ke nan."

Aka kai mu wani ƙaramin ɗaki. Gwaggo ta ce mahaifinku ya fita, ya fita ya tsaya a bayan taga. Ta ce ni ma in fita. Na ce ba zan fita ba, uwata ce, jikina ne. Ta dube ni ta ce taurin kan gidanmu ne, ba ta da maganinsa. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa, ta juya fuskarta ga bango ta ba likita baya, ta yi istigfari sau da yawa, kana ta soma, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka.

Ta ce cikin bai taɓa motsi ba, ko sau ɗaya, ta sha ɗora kunne da hannu. Ta ce jikin ya rame har ana ƙirga haƙarƙari, hannuwa kamar kara, cikin kaɗai ke gaba, yana ƙyalli. In ta juya ta, sai ta ji ruwa yana bin gefen da aka kwantar. Abinci kaɗan ke cika ta. Likita ya sa aka tambaya ko idonta ya yi rawaya, ta ce fari fat. Ko tana tari ko zazzaɓin yamma, ta ce babu. Ko jini yana zuba, ta ce ba wani mai yawa ba. Ta ce a wurin wanka, da ta shafa cikin a hankali kamar yadda ake yi, ta ji duwatsu a ƙasan mara, dama da hagu, masu ƙulli-ƙulli, da wani ƙaramin ƙullutu mai tauri a cibiya. Ta ce ta wanke mata masu ciki ba ɗaya ba ba biyu ba, ta san yadda ɗa yake a ƙarƙashin tafin hannu.

"Babu ɗa," in ji ta. "Ita ma ta sani. Ta ce in bar Yaya da abin da yake zato, ya fi masa sauƙi. Na bar shi. Shi ke nan abin da ke bakina."

Ina zaune a kan kujera na ji wannan duka. Shekara ashirin da tara ina ɗauke da hoton uwata ta tafi da jariri a jikinta, cikin ɗan lokaci aka sauke shi aka ɗora mini wannan. Likita ya gama sauraron fassarar Sista. Sai ya fara da yi wa Gwaggo godiya, ita kuwa ba ta juyo ba. Ya ce ba zai rantse a kan matar da bai taɓa gani ba, amma abin da aka siffanta ya fi kama da wanda yake tsoro, balle da na gaya masa yayarta ma haka aka ce ta tafi. Ya ce duk da haka ba tabbas ba ne zai same ni, ina iya rayuwa da su har tsufa lafiya lau. Ya ce shi yanzu ya karkata ga cirewa, amma ni zan zauna a cikin jikin, ba shi ba. Ya ce a kira maigida.

Na ce a bar maigida inda yake, yana ji ta taga. Na tambayi likita abu guda, in an bar su abin ya zo, zai gane da wuri? Ya ce gaskiya, yawanci ba a ganewa. Na dubi bayan Gwaggo, ƙashin kafaɗarta yana motsi a ƙarƙashin lulluɓi. Tsoron bai tafi ba, kada wani ya gaya muku jarumtaka ce. Tsoro biyu ne a gabana, na auna na ɗauki wanda zan iya ɗauka ina raye a tsakanin 'ya'yana.

Na ce, "Sista, gaya masa ya cire duka biyun. Ni na ce."

Ta ce, "Malama, kin tabbata? Ba a mayarwa fa."

Na ce, "Na san ba a mayarwa. Faɗa masa." Kuma ban jira ta ba, na maimaita masa da Turancina.

An yi aiki washegari, Allah Ya tashe ni. Abin da aka yi mini alkawari kuwa bai yi jinkiri ba. Kafin ɗinki ya warke zafi ya soma taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in jiƙe sharkaf a gaban ɗalibaina. Barci ya ƙaurace mini, raina ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, manyanku sun sha faɗan da ba su ci ba, sun kuwa sani. Ƙwayar maganin wata a samu, wata a ce ta yanke. Ƙashina ya yi rauni tun da wuri, wannan doron da kuke gani da ƙugun da ya karye mini daga ɗan zamewa a bakin rijiya duk daga nan suke. Da aka duba abin da aka cire, likita ya ce bai ga mugun abu a jikinsu ba. Saboda haka har yau ban sani ba, ko na tsere wa ajalin uwata ne, ko na ba da ƙuruciyata a kan abin da ba zai taɓa zuwa ba. Babu mai iya gaya mini, na kuwa daina tambaya. Mahaifinku ya cika alkawarinsa har ya koma ga Allah.

Baba ni na gaya masa da bakina, ta bayan asabari, bayan na warke. Ya ce wanda ciwon ciki ya kashe shi ma yana cikin masu shahada, darajarta ba ta ragu ba. Kana ya ce in tashi in shiga ciki, domin ba ya son in ji abin da zai biyo baya.

Gwaggo Hanne kuwa ba ta sake wanke gawa ba. Rasuwar farko da aka yi bayan komawarta, aka aiko kiranta, ta ce a je wurin wadda ta koya wa. Matan gari suka zo har gida suna roƙo, ba su san dalili ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Baba ya sake ba ta fatawa cewa babu laifi a kanta, ta ce ta ji. Na je da kaina na durƙusa na ce ta koma aikinta, babu wanda ya sani sai mu. Ta ce ita ta sani. Aikin da ta yi shekara talatin tana yi domin Allah, wanda ake girmama ta da shi a ƙauyuka bakwai, ta ajiye shi saboda ni, ta zauna da mazarinta har ƙarshen ranta, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ku mata a cikinku, da 'ya'yanku mata, duk likitan da ya tambaye ku abin da ya kashe kakarku, yanzu kuna da amsa, kun kuma san abin da aka biya kafin a same ta. Kada wadda ta sake cewa ciki ne ya kwanta.

Mu biyar ne muka ji abin da aka faɗa a ɗakin nan. Likita ya koma ƙasarsu tun da daɗewa, ban san ko yana raye ba. Gwaggo Hanne da mahaifinku, wanda ya ji kome ta bayan taga, sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Saura ni da Sista Saratu. Tana nan a garinsu wurin ɗanta, idonta ya tafi amma bakinta yana nan yadda na san shi. Wanda bai gamsu da maganata ba ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta wa ya ce a cire.